Ku Kwashe Shanya

Ranar da Naziru ya fara ɗaukar ƙanwarsa a waya ina tsakar gida ina wanke-wanke, don haka ba labari aka ba ni ba. Ni ce ke haya a ɗakin kusa da rijiya a gidansa, a nan cikin Birnin Gwari, ina koyarwa a firamare. Ƙanwar tasa, Zulaiha, watanta biyu ke nan da fitowa daga daji, inda ta yi wata biyar a hannun 'yan bindiga bayan sun tare motarsu a hanyar Gwaska. A nan bakin hanyar aka kashe mijinta. Da ta fito sai aka kawo ta gidan yayanta, ɗakin mahaifiyarsu Inna Azumi.

A ranar Zulaiha tana zaune a ƙofar ɗakin tana tsince wake sai hadari ya haɗu. Can na ji murya, siririya, kamar daga wani gida take fitowa:

Ruwa ya taso gabas da gari,
Ku kwashe shanya, ku kwashe shanya.

Na ɗago. Hannunta ya tsaya cak a cikin faifai, idonta a buɗe amma ba mu take kallo ba. Ban taɓa jin murya mai daɗin wannan ba, ban kuma taɓa jin wadda ta sa tsigar jikina tashi irin haka ba. Naziru, wanda ya dawo cin abinci daga shagonsa na gyaran waya, ya lallaɓo ta bayanta ya ɗaga wayarsa. Sai da ta kai ƙarshe sannan ta zabura, ta dube mu, ta tashi ta shige ɗaki. Waken ya watse a ƙasa.

A unguwarmu gidan Naziru ne kaɗai ke da sola da talabijin mai girma. Duk Asabar bayan la'asar akan fito da ita rumfa, a shimfiɗa tabarmi, matan maƙwabta su shigo da 'ya'yansu, maza su tsaya daga bakin zaure. Abin da ake kallo gasar waƙa ce ta wani gidan talabijin a Kaduna: alƙalai uku a kan kujeru, mai gabatarwa da babbar riga, 'yan kallo na tura ƙuri'a ta waya. A garin da mutane suka daina zuwa gona mai nisa, suka daina zuwa biki a ƙauye, wannan awa ɗayar ce muke dariya tare. Ba zan ɓoye ba, ni ma ina cikin masu rigen zama a gaba.

Naziru ya ɗora hoton a intanet da bayanin zamanta a daji. Kwana huɗu bayan ɗaukar, aka kira shi daga Kaduna. Wani Suhaibu ne, mai shirya gasar. Ya ce sun ga hoton, sun kuma karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa, suna son a kawo ta.

A gabana aka yi maganar, domin Karima matar Naziru ta kira ni in taya su lallashi.

“Yaya, ka yi haƙuri, ba zan iya ba,” in ji Zulaiha.

“Me za ki kasa? Waƙar da kike yi a tsakar gida ba wanda ya sa ki?”

“Ba ni nake yi ba. Zuwa take yi.”

Naziru ya yi dariya. “To ta zo a can ma. Ke ba ki san abin da Allah ya ba ki ba. Shekara nawa ana kashe mu a garin nan, wa ya waiwaye mu? Yanzu ga dama ta zo duniya ta ji.”

Karima ta ce, “Kuma fita ce, Zulaiha. Zaman ɗakin nan ne ke cinye ki. Ki ga mutane, ki sa kaya masu kyau, hankalinki ya dawo jikinki.”

Zulaiha ta juya wajen mahaifiyarta. Inna Azumi tana jan carbi, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Yayanki ne. Shi ya yi ta faɗi-tashi har kika fito. Ba zai kai ki inda za ki cutu ba.”

Aka juyo gare ni. Na ce, “Ki gwada sau ɗaya. In bai yi miki ba ki bari.” Haka na ce.

Ranar Talata ake ɗaukar shirin, a nuna shi Asabar. Da sassafe suka bi ayarin motocin da sojoji ke raka wa zuwa Kaduna. Hanyar ta cikin dajin take bi, itatuwa hagu da dama. Karima ta gaya mini tun da suka fita gari Zulaiha ta cusa kai a tsakanin gwiwoyinta, ba ta ɗago ba sai da suka ga gidajen Kaduna. Ta faɗe shi ne tana dariya, kamar labarin mai jin amai a mota.

Asabar ɗin nan gidan ya cika har kan katanga. Naziru ya sa aka ajiye wa Zulaiha kujera a gaba, kusa da talabijin, domin mutane su riƙa kallonta suna kallon hotonta. Da lokacinta ya zo sai muka ga an rage fitilun dandalin. An jera itatuwan roba a bayanta, an sa ƙarar tsuntsaye. Atamfar da Karima ta ɗinka mata ba ita ce a jikinta ba, wani tsohon zane ne da hijabi mai yagewa a kafaɗa, ƙafarta ba takalmi. Mai gabatarwa ya sassauta murya ya ce, “Jama'a, ga Baiwar Daji.”

Ta yi waƙar. Alƙaliya mace ta share hawaye da gefen mayafi, kyamara ta matsa kan fuskarta. A rumfarmu aka ɓarke da guɗa da tafi. Na dubi Zulaiha ta gaske, wadda ke kan kujera. Ta toshe kunnuwanta da tafin hannu, tana kallon ƙasa. Karima ta janye mata hannu tana cewa, “Ke, kunya ce haka? Ji yadda ake yabon ki!”

Kafin Litinin waƙar ta cika gari. 'Yan acaɓa sun sa ta a wayoyinsu, mai shayin bakin tasha yana kunna ta a sifika. A makarantarmu yara suka mayar da ita ta wasan gaɗa, suna tafi suna juyawa: ku kwashe shanya, ku kwashe shanya. Zulaiha ta daina zama a ƙofar ɗaki. In yara suka wuce ta bayan gida suna rerawa sai ta shige bayan gadon Inna ta tsuguna.

A zagaye na biyu ta roƙa a bar ta ta yi wata, aka bar ta, ta yi begen Annabi. Ƙuri'unta suka ragu, da ƙyar ta tsallake. Suhaibu ya kira Naziru a waya, ni ina jin su daga ɗakina. Ya ce masu bege sun cika gasar, abin da mutane ke so daga gare ta shi ne dajin. A zagaye na uku aka mayar mata da yagaggen hijabin da itatuwan roba.

Ranar Lahadin da ta biyo baya, da hantsi, wayar Naziru ta yi ƙara muna tsakar gida. Tun da aka fara gasar yake sa kira a sifika, domin kowa ya ji masoya na yabon ƙanwarsa. Ya danna yana murmushi.

Muryar namiji ce, a nutse, ba gaggawa. “Kai ne yayan mawaƙiyarmu?”

“Ni ne. Daga ina?”

“Daga inda ta koya. Ka ce mata mun gani a waya. Muryar tana nan yadda muka san ta. Ka ce mata yara na gaishe ta.”

Aka kashe. Zulaiha tana tsaye a bakin rijiya da guga a hannu. Igiyar ta zame daga hannunta, muka ji faɗuwar gugan a ƙasan ruwa. Sai na ga zanenta ya jiƙe daga sama zuwa ƙasa, fitsari na bin ƙafarta, ita ba ta ma sani ba.

Naziru ya ce, “Wani ɗan iska ne a cikin gari yake son ya tsorata mu. Hassada ce. Ai na san za a yi haka.”

“Baban Saliha ya yi gaskiya,” in ji Karima, tana nufin mijinta. “Waɗancan ina suka ga lokacin kallon gasa?”

Amma da yamma na ga Naziru ya sayo sabon kwaɗo ya sa wa ƙofar zaure.

Daga ranar abinci ya daina shiga cikin Zulaiha. In aka ba ta tuwo sai ta gutsura ta ɓoye a cikin zane, kamar mai tanadin gobe. Inna ta ce aljanun daji ne suka biyo ta, ta sa aka karɓo rubutu. Ranar Laraba na dawo daga makaranta na tarar da Zulaiha a ɗakina, zaune a ƙasa bayan ƙofa. Na ba ta ruwa. Na zauna kusa da ita.

Sai ta ce, “Malama, kin san lokacin da ake sa ni waƙar nan?”

Na ce a'a.

“In za su kai mutum bayan dutse. Ba sa son sauran su ji su rikice, sai a ce in tashi in yi waƙa, da ƙarfi. Ta kakata ce, ita ta fara zuwa bakina ranar farko, shi ke nan ta zama ita. In na kai ƙarshe ba su gama ba sai in sake daga farko.” Ta dubi hannuwanta. “Sau tara na yi ta. Na tara ɗin Grace ce.”

Grace, in ji ta, wata Bagwariya ce da aka kama su a mota ɗaya. Tabarmar buhu ɗaya suke kwana a kai, ita ke cire mata ƙaya a ƙafa, ita ke kare ta da jikinta in za ta yi sallah. Mutanenta ba su iya kawo abin da aka nema ba.

“Da za a tafi da ita ta juyo ta ce, Zulai, ki ɗaga murya, kada in ji tsoro. Na ɗaga. Malama, duk sanda na yi waƙar nan a gaban fitilun can, ina kai ƙarshe sai in ga kamar wani ya ragu a cikin masu tafin. Ina ƙirga su.”

A ranar na samu Karima a madafa na gaya mata duka. Na yi haka ne don a bari. Na ce mata wannan ba waƙa ba ce, kuma amana ce, kada ta wuce ita da mijinta. Karima ta yi salati, ta yi kuka na gaske, ta ce wallahi ba su sani ba.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ranar Talata da safe sai na ga Naziru da jaka.

Na ce, “Malam Naziru, ba a gaya maka ba?”

“An gaya mini, Malama. Shi ya sa ma. Na yi magana da Suhaibu, ya ce irin wannan ciwon sai an fitar da shi fili yake warkewa, haka likitocin Turai ke yi. Kuma saura zagaye biyu. In ta janye yanzu duk wahalar da ta sha ta tashi a banza.”

“Ka gaya wa Suhaibu?”

“Don su kula da ita.”

Zulaiha ta fito bayan Karima, an shafa mata hoda. Ta dube ni sau ɗaya. Ba harara ba ce, da harara ce da na fi samun sauƙi. Ta wuce.

Sun dawo Laraba. Zulaiha ba ta gaishe da kowa ba. Karima ta ce gajiya ce. Naziru kuwa sai fara'a yake, yana ce wa maƙwabta kada kowa ya kuskura ya rasa na wannan Asabar.

Aka taru fiye da kullum. Aka zaunar da ita a kujerarta. A talabijin mai gabatarwa ya dafa ƙirji ya ce yau za su bayyana wani sirri da Baiwar Daji ta daɗe tana ɗauke da shi. Sai ya kwashe labarin duka, dutsen, da mutum tara, da Grace, har sunan ƙauyensu, har kalmomin da ta faɗa na ƙarshe. A hoton ana ganin Zulaiha tana juyawa hagu da dama, a fili yake ba ta san za a faɗa ba. Ya miƙa mata makirufo ya ce, “Yau ki yi ta domin Grace. Ki ɗaga murya.”

Ta buɗe baki. Ba abin da ya fito. Ta sake buɗewa, jijiyoyin wuyanta suka tashi. Ba su yanke wurin ba. Suka sa wani kiɗa mai sanyi a ƙarƙashi, kyamara ta matso har muna ganin rawar leɓenta, aka bar mu muna kallon bakin da ke buɗewa yana rufewa. Babban alƙalin ya miƙe tsaye ya ce bai taɓa jin waƙar da ta kai wannan shirun ba. A wannan makon ita ta fi kowa ƙuri'a.

A rumfarmu mata na kuka suna tafi. Sai a lokacin na lura tun dawowarsu Laraba ban ji ta ce ko uffan ba.

Aka kai ta asibiti ranar Lahadi, ma'aikacin ya haska maƙogwaronta ya ce lafiya lau yake. Naziru ya kawo malami ya yi mata karatu a kai, ya roƙe shi ya ƙoƙarta a samu muryar kafin Talata, ranar zagayen ƙarshe.

Litinin da azahar aka yi sallama a zaure. Wani dogon mutum ne, ramamme, da takalmin roba duk laka, ya riƙe hularsa a hannu. Ya ce sunansa Japheth, manomi ne, mijin Grace. Ya ce a shagon cajin waya na ƙauyensu wani yaro ya nuna masa. Har ranar Asabar ɗin nan, in ji shi, suna sa sunanta a addu'a a coci a cikin waɗanda ake jira su dawo.

Aka shigo da shi. Ya durƙusa nesa da tabarmar da Zulaiha ke zaune, ya gaishe da Inna, sannan ya ce, “'Yar'uwa, ban zo da faɗa ba. Abu biyu kawai. An binne ta? In an binne ta, a wane wuri, ko wata rana hanya za ta buɗe in je?”

Zulaiha ta buɗe baki. Muka jira. Ta buga ƙirjinta da hannu, ta sake bugawa, kamar mai son fito da abin da ya maƙale. Da ta ga ba zai fito ba sai ta jawo haɓar zanenta ta kwance wani ɗan ƙulli da haƙori. Ɗan kunne ne guda ɗaya, na roba, ja. Ta rarrafa ta ajiye shi a gabansa.

Japheth ya ɗauka ya sa a tafin hannunsa. Ya ce, “A kasuwar nan na saya mata.” Ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa ne kawai ke motsi.

Na ji wani ɗan motsi a bayana. Naziru ne, ya ɗaga waya yana ɗauka. Ban san sanda na miƙe na rufe wayar da hijabina ba.

Ya ce, “Malama, mene ne haka? Wannan ne abin da ya kamata duniya ta gani!”

Na ce, “Duniya ta gani sau huɗu, Malam Naziru. Wa ta aiko mana? Mutum ɗaya, shi ma kabari yake nema.”

Ya ce in ba zan iya zama lafiya a gidansa ba in nemi wani ɗakin. Karima ta ce ai ni na fara fitar da maganar, in daina nuna na fi kowa tausayi. Gaskiya ta faɗa.

Ranar Talata motar gidan talabijin ta zo har ƙofar gida. Inna Azumi ta fito ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya, ta ce duk mai son ɗaukar 'yarta sai dai ya taka ta. Naziru ya yi ta magana har ya gaji. Motar ta juya. A ranar Asabar aka sanar cewa Baiwar Daji ta janye saboda rashin lafiya, aka yi mata addu'a ta minti ɗaya, aka ci gaba da gasa. An ce mini rumfar ta cika kamar kullum.

Yau wata bakwai ke nan. Na koma wata unguwa, amma ina zuwa duba ta. Tana cin abinci yanzu, tana sallah, leɓenta na motsi a cikin sallar ba sauti. In na shiga takan matsa mini wuri a tabarma.

Baƙi in sun gan ta sukan tambaya me ya same ta, sai mutanen gidan su ce 'yan daji ne. Ba ƙarya suka yi ba, Allah ya isa tsakaninmu da waɗancan. Amma ni ina nan, na gani. Daga daji da muryarta ta fito. A tsakar gidan yayanta ta rasa ta, muna zaune a kan tabarmi muna tafi.